Ɓallin Dutsen Niƙan Kakata

Aikina a jami'a, a Samaru, yanka duwatsu ne. Inji ya yanko mini ɗan yanki, in manna shi a gilashi, in yi ta goga har ya fi ɓawon albasa rashin kauri, haske na ratsa shi. Sannan a sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a karanta abin da ke cikinsa da irin matsar da ya sha a cikin ƙasa.

Mahaifiyata ba ta taɓa son aikin nan ba. A ƙauyenmu mace kan niƙa dawa a kan dutse, wai ni na yi digiri na koma niƙa dutsen kansa. Matan zumunta na tsokanarta da haka a coci. In an tambaye ta me nake yi, sai ta ce, "Tana dai jami'a," ta kawar da zance. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Wata shekara ta zo Sabon Gari ganin likitan ido, ta sauka a wurina. Dama na taɓa ɗauko ɓallin dutsen niƙan mahaifiyarta, wanda ya tsage aka yar a bayan rumbu, na manna shi a gilashi, na goge shi na ajiye. Da ƙyar na jawo ta ɗakin aikinmu, tana mitar ƙarar inji.

Ta kafa ido a madubin. Na juya faifan da gilashin ke kai, launuka suka riƙa sauyawa, rawaya, shuɗi, toka-toka.

"Wa ya rina shi?" in ji ta.

"Ba wanda ya rina shi, Mama. Dutsen niƙan Kaka ne."

Ta ɗago ta harare ni. "Ke! Baƙin nan mai tabo?"

"Shi. Tun yana narke a can ƙarƙashin ƙasa ya yi wannan ado, babu ko mutum a duniya."

Ta koma ta duƙa, ta kama faifan tana juyawa da kanta. Can na ji tana cewa a hankali, "Inna ta ƙare rayuwarta a durƙushe a kansa, ba ta gani ba."

Shugaban sashenmu ya shigo da nasa gilashin, yana son madubin. Na yi sauri zan tashe ta. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ɗan dakata, ɗana," in ji ta. "'Yata na nuna mini aikinta."