Jet ɗin hawa dutse

Duk sanda maƙwabcina ya tada ƙaramin janaretonsa, hayaƙin fetur da baƙin mai ya shigo mini ta taga, ba na jin haushi kamar sauran 'yan gida. Kawuna nake tunawa, da tsohon baburinsa mai dogayen ƙafafu, wanda shi ma gauraye yake shan fetur da mai.

Ina ƙarama Mama ta kawo ni wurinsa a Gonin Gora, nan Kaduna, daga ƙauyenmu na Filato, don in yi makaranta. Ta ce za ta je kasuwa ta dawo. Ashe mota ta shiga. Tun daga ranar na daina yarda da manya. Kawu na tada babur zai tafi aiki Kudenda, sai in ruga in riƙe masa riga ina kuka, don na tabbata shi ma gida zai gudu ya bar ni. Matarsa ta yi lallashi, ta yi faɗa, duk a banza. Abinci ma sai an yi da gaske nake ci.

Kawu ba mai yawan magana ba ne, amma ya san baburin nan kamar yunwar cikinsa. Ran Asabar sai ya zauna a gindin mangwaro ya kwance kafireta, inda iska ke haɗuwa da mai, ya jera kayanta a tsohon faranti. In ya mayar, ya zaga unguwa, ya dawo ya ciro fulogi ya duba bakinsa. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari, inji na jin ƙishi, kuma zai iya ƙonewa. Launin ƙuli-ƙuli yake nema, kuma ba ya tashi sai ya samu, ko da tuwo zai huce.

Wata Asabar, Kirsimeti na matsowa, tsorona ya ƙaru, sai ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini uwata. Ya ɗora mini wani ɗan ƙarfe ruwan tagulla a tafin hannu, bai fi ƙwayar masara ba, da 'yar huda a tsakiya.

Ya ce, "Uwata, wannan shi ne jet. Ta nan mai ke bi. Iskar Filato ba ta da kauri kamar ta Kaduna, sai an sa mai ƙaramar huda kafin babur ya hau dutse. Guda ɗaya gare ni. Ki ajiye."

Na ɗaure shi a bakin zanena. Washegari ya tada babur, ina tsaye ina kallo, ban yi kuka ba. Ina zai je, alhali hanyar gida tana hannuna?

Da Kirsimeti ta zo muka kama hanya, ina maƙale a bayansa. A gindin dutse ya tsaya, ya miƙo hannu da ladabi, na kwance na ba shi. Da muka sauko ya mayar mini. Haka muka yi shekaru.

Sai da na girma wani bakanike ya gaya mini babur zai hau ko ba a canza ba, sai dai ya yi ta tari da hayaƙi. Kuma jet ana sayar da shi a kowace rumfa. Kawu ya sani sarai. Na yi dariya har da hawaye, kuma ƙaunarsa ta ƙaru a raina.

Yanzu irin baburan nan sun yi wuyar gani, masu duba launin fulogi ma sun ragu. Bara Kawu ya rasu, aka ɗauki gawarsa a mota zuwa gida. 'Ya'yansa suka ce in shiga motar da ke bin ta a baya, ta fi sarari. Na ƙi. Na zauna kusa da akwatin, jet ɗin na cikin jakata. Bai taɓa hawa dutsen nan ya bar ni ba, ba kuma ranar zai fara ba.