Mutumin da Ya Fassara "Da Sauƙi"

Shekara ashirin da bakwai Osman Yahya, Bahaushen Maiwurno ta Sudan, yana fita daga gidansa na unguwar Aƙiƙ, a nan birnin Annabi, da sassafe, jakar takardu a hammata, ya hau bas zuwa ofisoshi. Mu'aƙƙib ne, mai bi wa mutane takardunsu. Bana gwiwa ta ƙi, ya ajiye jakar. Ba wanda ya yi masa walima, kuma wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ku tambayi Hajiya Zinariya. Mota ta buge ta, ƙugu ya karye, kamfanin ta'amin, wato inshora, yana ɗaukar nauyin gashin ƙashin da ake mata. Rannan ma'aikaciyar kamfanin, 'yar Hausawa haifaffiyar garin nan mai jin Hausa sama-sama, ta bugo waya.

"Khala," in ji ta, wato inna da Larabci, "ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Sai ta rubuta da Larabci cewa ta warke. Aka tsayar da gashi. Likita kuwa ya ce in aka yi wata uku a haka, Zinariya da tafiya sai dai a ɗauke ta.

Osman ya bi gida-gida, ya samo mutum shida da kalmar nan ta kayar, suka kai ƙara tare. Ranar zama lauyan kamfani ya kunna muryar Zinariya, ya ce, "Da bakinta ta faɗa."

Osman, da yake shi ne tafinta, ya nemi izinin alƙali. Ya juya ga Baba Audi, ɗaya daga masu ƙarar, wanda aka turo a keke da robar iska a hanci.

"Baba, ya jiki?"

Da ƙyar tsohon ya ɗago. "Da sauƙi, ɗana."

"Ya Shaikh," in ji Osman ga alƙali, "mu ko rai na fita haka muke cewa. Godiya ce ga Allah, ba rahoton likita ba ne."

Baba Audi bai ga hukunci ba. Kwana tara bayan zaman aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Sauran an mayar musu da maganinsu.

Kai ne, Osman, ka tsaya ka ji abin da ke bayan maganar mara lafiya. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma 'ya'yanmu da ke ofisoshi, ku riƙe Hausar nan da kyau, lafiyar wani na rataye a kanta. Juma'ar da ta wuce Zinariya ta shiga Masallacin Annabi da ƙafarta, tana dogara sanda, tana kuka.