Ƙullutun da Yaya Rakiya Ta Ɓoye

Shekara tara ke nan da aka fita da gawar Yaya Rakiya daga gidan mijinta a Mainika, ana tsakiyar girbin dawa. Ita ce babbar yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, a bayanta na girma. Ni malamar firamare ce a Kabo. Duk shekara nakan ɗauki biro don in rubuta wani abu a kanta, sai in ajiye. Bana ma ba ƙarfi na samu ba, ajiyewar ce ta ishe ni.

Tana shayar da autarta ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Ta ɗauka nono ne ya kwanta. Ta gasa da ruwan zafi, ta yaye yarinya, ƙullutun yana nan. Wata takwas ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta Malam Iliya. Kullum ta tatsi shanu, ta kirɓa fura, ta ɗauki ƙwarya zuwa kasuwa. Ni ma ban sani ba sai ranar da na tarar tana daka da hannu ɗaya.

Na ce, "Yaya, me ya sami hannun?"

Ta ja ni ɗaki, ta saki labule. "Binta, taɓa ki ji. Amma kada ki yi mini kuka."

Da dattawan gida suka ji, suka ce ciwon daji ne, kuma daji ba ya son allura, balle wuƙa. Aka kawo saiwoyi, aka kawo wani ƙullin shafawa da ya saɓule mata fata. Wata biyu muka ƙara ɓatawa a haka. Ni da na yi boko na san ba daidai ba ne, amma na yi shiru don kada a ce na raina manya. Har yau shirun nan yana cina. Malam Iliya, wanda ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba, shi ya ga gyambon ya ce, "Ya isa haka. Gobe Kano za mu."

Daga nan muka zama 'yan hanya. Ya ɗauko ta a babur zuwa tashar Gwarzo, su shigo mota, ni kuma in tare su a Kabo. Layin kati, layin gwajin jini, layin ganin likita, wani lokacin a ce jininta ya yi ƙasa, mu dawo wani mako. Maganin da ake sa mata ta jijiya, wanda suke kira kemo, ya kwashe gashin kanta, ya baƙanta mata farce. Matar da ta tashi cikin nono da man shanu ta koma ko ƙamshinsu ta ji sai amai.

Ranar da aka yanke shawarar cire nonon, likita ya miƙa wa Malam Iliya takardar sa hannu. Yaya ta ɗago kai ta ce, "Likita, a jikina yake. Ni za ka ba." Ta dangwala yatsanta, sannan ta tura wa mijinta ya sa nasa.

Shekara uku ta yi bayan aikin. Ta ɗinka 'yar jaka ta cusa auduga tana sawa a riga in za ta biki, a gida kuwa ba ruwanta. A shekarun nan mata suka fara zuwa wurinta, wai sayen fura, sai su zarce ɗaki. Ba ta wa'azi. Tabon kawai take nuna musu ta ce, "Kin gan ni, ban mutu a hannun likita ba. Jinkiri ne ya cuce ni." Wata Talatu daga Lakwaya ta ji maganarta ta tafi da wuri. Tana nan da ranta, bara ta aurar da 'yarta.

Ita Yaya ciwon ya dawo mata ta ƙashin baya. Wannan karon ba mu yi ta zirga-zirga ba. Ta ce ta gaji da mota, a bar ta ta ji kukan shanunta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Rediyo na maganar ciwon a fili, mata na tura wa juna bayani a waya, kalmar nono ta daina sa likita da mara lafiya sunkuyar da kai. Na san za ta ji daɗi. Amma da ta shiga kasuwa za ta ji mai lasifika yana rantsuwa cewa garin maganinsa na narkar da daji ba sai an yanka ba, mata kuma sun kewaye shi. Irin matan da suke zuwa wurinta a da, yanzu ƙofata suke bugawa, tunda ni na san hanyoyin asibiti. Yawancinsu sai wurin ya fashe suke zuwa. Na raka su, na zauna da su a benci ɗaya, na je gaisuwar mutuwar da yawansu. Na gaji. Watan jiya wata mata ta yi sallama a ƙofar gidana, na hango yadda ta tallafe hannunta, na sa aka ce ba na nan. Yaya ba ta taɓa yin haka ba.

Bayan kwana kaɗan, ina cikin aji, Safiya ta kira ni, babbar 'yar Yaya da ke aure a Gwarzo. Ta ce, "Inna Binta, yau da safe ina wanka na ji wani abu." Washegari muna Kano. Mako biyu muka jira sakamako, ba na iya cin abincin kirki. Allah Ya sa ba daji ba ne. A mota na tambaye ta yadda aka yi ta gane abu ƙarami haka. Ta ce, "Umma ce ta koya mini, a nonon da ya rage mata. Ta ce duk wata in duba, in na ji wani abu kada rana ta faɗi ban faɗa ba."

Ban sani ba sai ranar. Yaya ba ta bar rubutu ba, hotonta ma ɗaya ne, na katin asibiti. Abin da ta bari yana jikin Safiya da Talatu, suna yawo da shi. Allah Ya jiƙanta, Ya sa wahalar da ta sha ta zame mata kankarar zunubi.

Da na huta, na bi unguwa ina cigiyar matar da na ɓuyar wa, har na gano gidanta a bayan kasuwa. Sunanta Hansatu. Na ba ta haƙuri, na zauna da mijinta har ya amince. Ranar Litinin za mu shiga Kano. Ban sani ba ko mun makara.