Tsiron Tukunya Ɗaya

Kunun zaƙin Inna ne ya riƙe gidanmu a unguwar New Bell ta Douala tun da aka sallami Baba daga ofis, a shekarun matsin tattalin arziki da kowa ke kira la crise. 'Yan dakon kasuwar Marché Congo sun san bokitinta, kuma ba ta zuba sukari. Dawa take jiƙawa ta rufe da buhu har ta tsira, ta shanya, ta niƙa. Idan ta dama gasarar gero ta huce, sai ta zuba wannan tsiron. Kunun da ya yi kauri sai ya saki a hankali, zaƙi ya fito.

A lise, wato sakandare, na gane dalilin. Malaminmu ya ce akwai wani abu a cikin tsiro, enzim, mai yanka sitaci ya mai da shi sukari. Ya ja layi a allo, layin ya hau, ya hau, sannan ya kwanta. Ya ce in ka ƙara masa sitaci saurinsa zai ƙaru, amma akwai inda hannuwansa duk suke cika. Daga nan ko buhu ka juye masa, saurinsa na nan yadda yake. Na haddace, na ci maki, kaina ya kumbura.

Sai gari ya mutu da yajin aiki. Kasuwa ba ta ci sai ƙarshen mako. Inna ta ƙudura a ranar Asabar ɗaya za ta sayar da kunun kwana uku. Amma damina ta ruɓar da rabin tsironta, saura na tukunya ɗaya. Duk da haka ta dama tukunya uku, ta raba tsiron uku.

Na gaya mata ba zai saki da wuri ba. Da na faɗa da ladabi, wataƙila da ta ji. Amma tsaye na faɗa, hannu a ƙugu, har da Faransanci, ina ce mata c'est saturé, wato hannuwan tsiron sun cika. Ta ce tun ban san hanyar makaranta ba take dama kunu, in matsa mata daga bakin murhu. Na yi fushi, na zauna ina jira in ga gaskiyata. Har yau ina jin kunyar wannan zaman.

Hantsi ya yi, kunu na nan da kaurinsa. Azahar ta wuce. Kafin ya saki, zafin Douala ya riga mu, ya yi tsami yana kumfa. 'Yan dako suka sha na wata mata daga unguwar Nylon, kuma da yawansu ba su dawo ba. Ni na taya ta ɗaukar tukwanen zuwa kwata. Geron mako guda ke nan.

Daga ranar ta ƙara wankau, ta ƙara suyar ƙosai, Baba kuwa yana zaune da rediyo. Shekara ba ta zago ba sai Inna ta faɗi a gaban murhu, gefen jikinta ya mutu.

Amma abin da na fi tunawa shi ne lokacin da muke wanke tukwanen nan. Ba tare da ta dube ni ba, ta yi tambaya.

"Shi abin naku, in an labta masa abin da ya fi ƙarfinsa, me ke samunsa?"

Na ce malam ya ce ba abin da ke samunsa, ba ya ƙarewa, sauri ne kawai ba ya iya ƙarawa.

Ta ci gaba da kankare gindin tukunya.

"To, shi ya ji daɗi," in ji ta.