Ranar da Kawu Labaran Ya Shiga Injin Hoton Baya

In kun ga dama ku yarda, in kun ga dama ku ce na ƙara gishiri, amma Kawu Labaran, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa amsa "ina kwana" ba sai ya fara duba bayan mai gaisuwar. Ku da kuka zauna da shi a tashar Magama kun sani. Shekara arba'in yana dako a bakin iyaka, buhu a ka, kuma bai yarda da kowa ba. Ko agogon masallaci sai ya gwada shi da rana.

To sai baya ya ci amanarsa. Ƙafar hagu ta fara mutuwa, yana jan ta kamar ta aro. Likita a Katsina ya ce sai an shiga da shi injin da ake kira em-ar-ai an ga ƙashin bayan, in ba haka ba wata rana ƙafar za ta ƙi tashi gaba ɗaya. Ni na kai shi a motata, yana zagina tun daga Jibiya.

A ƙofar ɗakin ma'aikaciya ta ce ya ajiye duk wani ƙarfe. Jama'a, sai da aka cika faranti biyu. Makullai har na gidan da ya rushe tun ina goye, 'yar wuƙa, zobba, allurar ɗinkin buhu.

"Ɗiyata, wa zai tsare kayan ga?"

"Ba mai taɓawa, Baba."

"Haka 'yan duwan, kwastam ɗin Nijar, suka ce mani a Ɗan Isa. Har yau ina jiran rediyona."

Da ƙyar ya kwanta. Injin ya haɗiye shi ya fara ƙwanƙwasa, kwas kwas kwas, kusan rabin awa. Da ya fito ma'aikaciyar ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya kwanta shiru haka ba, ko yatsa bai motsa ba.

Ya jawo ni gefe. "Ka ji bugun nan? Haka kwastam ke buga tankin mota su ji inda aka yi ɓoyo. In suna bugu, ba a numfashi."

Likita ya ɗaga hoton a haske. Ya ce tsakanin ƙashi da ƙashi Allah ya sa wani ɗan abu mai laushi kamar gammo. Na Kawu guda biyu na ƙasa sun bushe sun lotse, ɗaya ya bulluƙo yana danne jijiyar ƙafa.

"Baba, wane irin kaya ka riƙa ɗauka haka?"

Kawu ya dube ni, ya dubi ƙofa. "Kayan mutane."

"Kamar me? Shinkafa?"

"Ni ban ce ba. Kai ka ce."

Ya ƙi yarda da sakamakon. Wai sai an ji ta bakin wata ƙasa. Ya naɗe hoton a zanen Inna Hajo, matarsa, ya cusa cikin riga, muka tsallaka Maraɗi da shi kamar muna ɗauke da haramtaccen kaya. Likitan can ya duba ya maimaita magana ɗaya: a bar ɗaukar kaya yau ɗin nan, a sa ɗamara, a riƙa motsa jiki, in an ƙi sai wuƙa.

Na ce, "To Kawu, ƙasa biyu sun faɗa."

"Shi ne abin tsoron. Yaushe Najeriya da Nijar suka taɓa yarda a kan abu ɗaya? Sun yi waya."

Amma daga ranar bai ƙara ɗora buhu a kai ba. Ya koma kan benci yana lura da kayan mutane, aikin da aka halicce shi dominsa. Ƙafar ta dawo. Shekara huɗu ya ƙara, kuma da ita ya taka masallaci har asubar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Allah ya jiƙan Kawu, ya sauke masa nauyin da ya ɗauka domin mu ci, ya shimfiɗa masa inda baya ba ya ciwo.

Komawarmu ta ƙarshe asibitin Katsina kafin rasuwarsa, likitan ya gan shi ya shigo ba sanda, ya yi murmushi ya ce, "Baba, ka ga amfanin hoto ko?"

Kawu ya gyara hula. "Hoto bai warkar da kowa ba, likita. Na bar dako ne don kada ka sake samun dalilin leƙa cikina."