"Da Sauƙi" da Gwiwata ta Hagu

Duk lokacin da aka buɗe kwalbar aidin kusa da ni, sai in ji gwiwata ta hagu ta motsa. Warin ɗakin hakima ke nan a makarantarmu ta unguwar Abbasiya, hakima kuwa sunan da Misirawa ke kiran nas ɗin makaranta da shi ne. Ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakala, gado ɗaya, da taga mai kallon filin wasa.

Baba ɗan Maraɗi ne, karatu ya kawo shi Alkahira, kasuwancin turare ya zaunar da shi. Ni a nan na tashi, kuma duk ajinmu babu mai kamo ni a gudu. Malamin wasanni, wanda kowa ke ce wa Kaftin, ya sa ni cikin masu wakiltar makaranta a tseren ƙarshen sanyi. Saura sati biyu, wata safiya bayan yayyafi, na zame a kan siminti. Gwiwar ta kumbura suntum.

In faɗa maka gaskiya, mutanen nan biyu ba su yi sakaci ba. Ƙa'idarsu ita ce yaron da ya ji ciwo ba ya taka fili sai hakima ta sa hannu, ita kuma ba ta sawa sai Kaftin ya ga tafiyarsa. Kullum da safe ta kwance bandeji, shi yana tsaye bakin ƙofa da usur a wuya. Ta ce, "Yau fa, ɗana?"

To a gidanmu amsar "ya jiki" guda ɗaya ce. Na ga wani tsoho maƙwabcinmu ya ce "da sauƙi" da azahar, da la'asar aka yi masa salla. Sai na juya kalmar zuwa Larabcinsu, na ce "ahsan". A wurinmu ladabi ne. A kunnensu kuwa rahoto ne, wato yau ya fi jiya.

Kwana biyar ina cewa ahsan, in ta danna wurin in cije leɓe, in Kaftin ya ce taka in miƙe in taka. Ita dai ba ta yarda ba. Na ji tana gaya masa bakin yaron nan da fuskarsa ba su jitu ba, a kira ubansa. Baba ya zo cikin babbar riga, ta tambaye shi yadda nake a gida. Shi da ke jin nishina ta bango! Ya gyara murya, da Larabcinsa na littafi ya ce, "Alhamdu lillahi, ahsan." A ganinsa ba ƙarya ya yi ba. Uba ba ya zama gaban baƙuwar mace yana kai ƙarar abin da Allah ya hukunta.

Kaftin ya tafa hannu: "Khalas, yalla!" Wato shi ke nan, a ci gaba. Ta sa hannu tana girgiza kai.

A zagaye na biyu na tseren wani abu ya tsinke a cikin gwiwar, har ƙararsa na ji. Kaftin da kansa ya saɓe ni zuwa asibiti, hakima na biye da takalmina a hannu. Bayan an ɗaure ƙafar ta tsaya a kaina, idonta jajir. "Me ya hana ka cewa yana ciwo?" Na ce ai ba a faɗa wa babba haka. Ta dube ni kamar na zage ta. A hanyar gida kuma Baba ya ce, "Ai da ka faɗa, ɗan nan." Wannan maganar har yau tana ci mini rai. Wa ya koya mini in yi shiru?

Ban ƙara gudu ba. Na shiga harkar kayan gyaran mota, na kafa kaina, kuma ba na tambayar mai inji lafiyar injinsa, sai dai a tayar in saurara. Yanzu jikokina na makaranta a unguwar Hadayek, nas ɗinsu da mai horarwa har hoton ƙashi suke sa a ɗauka. Duk da haka na je da kaina na gaya musu: in ɗan Hausa ya ce muku ya ji sauƙi, gaisuwa ce kawai, ku sa shi ya tsuguna ku kalli fuskarsa. Nas ɗin ta yi dariya, ta rubuta. Ni na sauko matakalarsu taki ɗaya ɗaya, hannuna riƙe da ƙarfen gefe.