Ƙararrawar Obrad, da Wanda Ya Hauro da Miyar

Ni ne Stanimir Maric, mai gidan gasa bulo na bakin kogi a Kamenar. Ban gaji ko kaza daga mahaifina ba. Da kiwon tumakin mutane na kai kaina aji biyu na sakandare, da karatun ya fi ƙarfina kuma na bar shi ban roƙi kowa ba. Da hannuna na haƙi yumɓu, ni kaɗai na gina murhun farko, yau ga shi da wuya ka ga gida mai kyau a kwarin nan da ba bulona ne a jikinsa ba. Na kafa injin niƙa. Na gyara gadar da ambaliya ta cinye. Na aurar da 'ya'ya mata uku, kowace da kayanta. Babu wanda ya kama mini. Na fara da wannan ne don a san mai maganar ba mai kwaɗayin abin wani ba ne.

Ranar Talata, 8 ga Maris na wannan shekara ta 1938, ina tsaye ana loda bulo, sai ƙararrawar coci ta buga irin bugun da ake yi in namiji ya rasu. Mai keken shanun da ake yi wa lodin ya cire hularsa ya ce, “Yau Obrad ke kiran Obrad.” Haka na ji rasuwar Obrad Tanasic, abokina tun muna kiwo, wanda ya riƙe ɗana Radenko ranar baftismarsa, muka zama abin da mutanenmu ke kira kum, wato 'yan'uwan baftisma, ni da shi. Tarin da ya taho da shi daga yaƙi ne ya kai shi. An same shi zaune a bayan gida tsakanin amyoyin zumarsa.

Obrad, na ga jana'izarka, kuma zan gaya maka tun da kai ba ka gani ba. An zo daga ƙauyukan da ban san sun san ka ba. Dafaffiyar alkamar da aka raba ba ta isa ba, sai da aka sake ɗora tukunya. Tsoffin sojoji sun zo da sandunansu da lambobinsu na yabo. Kai da ka mutu ka bar ɗaki biyu, da rufi mai yoyo wanda na yi ta ce maka ka zo ka ɗebi bulo ka gyara, kana cewa ruwan sama ma baƙo ne. Radenko na cikin masu ɗaukar makararka. Ɗana ne, yanzu magidanci, na san fuskarsa. Ban taɓa ganin ya yi irin wannan kukan ba, kuma ina tsaye a bakin kabarin ina tambayar kaina ko ranar tawa zai yi rabinsa.

Da aka zauna cin abinci, ba a jima ba wani ya ɗauko labarin miyar wake, aka fashe da dariya a gidan makoki. To bari in ba da shi yadda ya faru, domin ina wurin.

A tsakiyar Satumbar 1918 muna kan duwatsun Makedoniya, ƙasarmu na bayan waɗannan duwatsun a hannun abokan gaba, mun shekara da shekaru a ramuka muna kallon ramukan 'yan Bulgariya, su a sama, mu a ƙasa. Kai ne mai saitin ƙaramar igwar da ake kwancewa a hau dutse da ita, wadda kuka sa wa suna Gwaggo saboda yawan faɗanta. Ni kofur ne a kan alfadarai. Duk harsashin da Gwaggo ta tofa, duk ruwan da kuka sha, ta hannuna ya hau, a wata 'yar siririyar hanya da igwogin Bulgariya suka san ta kamar tafin hannunsu.

Ranar farko, da hantsi, igwoginmu suka buɗe baki gaba ɗaya. Wanda bai ji ba ba zai gane ba. Ƙasa na motsi a ƙarƙashin mutum, ƙura ta tare rana, ana magana da hannu don kunne ya daina aiki. Alfadarai suna rawar jiki, sai na ɗaure musu idanu da tsumma nake jan su. Wuni guda ana abu ɗaya. Washegari da asuba sojojin ƙasa suka fita daga ramuka suka fara hawa, ta cikin waya mai ƙaya da aka yayyaga. Wajen tsakar rana suka maƙale a gindin wani dutse, wata bindiga mai jigida tana shara su daga wani kogo, kuma daga inda ake, Gwaggo kaɗai ke iya ganin bakin kogon.

Ita kuwa Gwaggo ta yi zafi har fentinta na hayaƙi. Buhunan da ake jiƙawa a shimfiɗa mata sun bushe sun fara ƙonewa, ruwa ya ƙare, domin alfadarin da ke ɗauke da ruwan, harsashi ya raba shi biyu a gabana. Na biyun, mai ɗauke da tukunyar miya, ya zame ya karye ƙafa. Na kwance tukunyar, na ɗaure murfinta, na goya ta da igiyar sirdi na hau. Har yau akwai tabon ƙuna a gadon bayana, matata shaida ce. Mutanenku ba su ci abu mai zafi ba tun da aka fara harbin, shi ya sa na ƙi barin ta.

Da na faɗo cikin raminku, ka dube ni, fuskarka baƙi ƙirin sai haƙora.

“Sarkin Alfadarai,” ka ce, “yau kai ne alfadarin? Me ka kawo mana?”

“Wake. Ku ci, in za ku mutu ku mutu da ƙoshi.”

Ka buɗe murfin ka sa yatsa, ka ji ta huce a hanya. “Kum, Gwaggo ta riga mu jin yunwa. Babba ake fara zuba wa.”

“Obrad, in ka taɓa tukunyar nan sai na fasa maka kai. A bayana na hauro da ita.”

“Ka fasa anjima, yanzu kama mini kunne ɗaya.”

Na kama. A rubuta wannan ma: kunne ɗaya na tukunyar a hannuna yake. Muka tuttule miyar a kan bututun igwar, tururi ya turnuƙe ramin, ƙamshin albasa ya danne warin albarushi. Ka ba ta ɗan lokaci, ka gyara saiti, a harbi na ƙarshe bakin kogon ya rufta. Mutanenmu suka tashi suka hau. Yaranka kuwa suna ɓamɓarar gasasshen wake daga jikin igwa suna ci, suna cewa bai taɓa yin daɗi haka ba. Kyaftin ya zo ya rungume ka ya sumbaci kumatunka. Ni ya ce mini, “Kofur, tsayuwar me kake? Koma ka kawo harsasai.” Kai ka samu lambar yabo. Ni na koma.

Ba zan ci haƙƙinka ba, don kana inda ba ka iya kare kanka. Da la'asar ɗin ranar, da na sake haurowa, wani harsashi ya sauka a gefen ramin ya rufta ƙasa da duwatsu a kaina. Na ji nauyin, na ji ƙasa a bakina, na sallama. Kai ka tono ni, da hannu, don shebur na iya sare ni. Da fuskata ta fito na ga yatsunka babu farce, sai jini. Abin da ka ce kawai shi ne, “Tashi mana, kum, ka ɓata mana rami.” Daga ranar har ka koma ga Mahaliccinka ba ka sake ɗaga maganar ba, ko a gaban mutane, ko mu biyu, ko ranar da muka yi faɗa a kan iyakar gona. Da ka yi mini gori sau ɗaya da na samu abin riƙewa a kanka. Ba ka ba ni ba.

Labarin miya kam ka ba da shi a kowane biki. Kuma na saurare ka da kyau, kullum sai ka ce, “Stanimir ne ya hauro da ita a bayansa.” Ka faɗa. Sai dai kafin ka kai wurin mutane sun riga sun fara dariya, suna jiran Gwaggo ta sha miya, sunana ya wuce ta cikin dariyar babu wanda ya tsinta. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: ba ka ƙwace mini komai ba. Su suka ɗauka suka ba ka, kai ba ka ma miƙa hannu ba. Ni in na shiga wuri sai a gyara zama a ce, “Sannu da zuwa, maigida.” Kai in ka shigo sai a matsa a ba ka gefen benci.

Sai ƙararrawa. Mun dawo gida mun tarar da hasumiyar coci fayau, abokan gaba sun sauke ƙararrawarmu sun narke ta sun yi makami. An daɗe ana kiran sujada da bugun katako. Kai ka ce a bakin kasuwa, “Sun mai da ƙararrawarmu igwa, to mu je mu kwaso abin da igwa ta zubar mu mai da shi ƙararrawa.” Aka tafa maka. Maganar taka ce, ban musa ba. Amma shanun da suka hau dutsen nan nawa ne, kekunan nawa ne. Ni na san ramin da kwanson harsasan Gwaggo suke jibge, tun da ni na hauro da su cike. Ni na yi ta zirga-zirga har aka ba mu izini da tarago a jirgin ƙasa. Ni na nemo mai zubin ƙarfe a birni, na zauna a kansa. Ya gaya mini tun farko cewa tagullar harsashi ba ta ƙararrawa ba ce, ko an ƙara mata kuza muryar za ta fito a dishe. Ranar da aka ɗaga ta aka buga, sai wata tsohuwa ta ce, “Wannan ai muryar Obrad ce in ya kwana yana waƙa.” Shi ke nan. Tun daga ranar yara ke cewa Obrad na kira, a tafi coci. Bulon da aka ƙara wa hasumiyar tsayi da shi ma ba sai na faɗi daga inda ya fito ba.

Yanzu dattawan coci sun yanke cewa ranar arba'in ɗinka za a kafa allon tagulla a gindin hasumiyar, a rubuta cewa kai ka kawo ƙararrawar daga fagen fama. Na je wurin Fada Danilo na ce masa akwai suna ɗaya da aka manta.

“Maigida Stanimir,” ya ce, “kowa ya san abin da ka yi.”

“In kowa ya sani, Fada, rubuta shi ba zai yi wuya ba.”

“Bangon nan na matattu ne. Tun da aka gina cocin ba a taɓa sa sunan mai rai a kansa ba. Kai kuwa ga ka nan kamar bijimin sa, Allah ya ƙara lafiya.”

“Wato a nan ma ya riga ni.”

Sai ya miƙo mini kofi.

Obrad, Ubangiji ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, kai da ka ɗauke ta daga kaina. Ya ba ka hutawa a wurin da babu tari, babu ƙarar igwa. Ina yi wa matarka Persida ta'aziyya, da 'ya'yanka, da 'yan'uwanmu na Gwaggo waɗanda suka rage, da ɗana Radenko wanda ya yi rashin uba na biyu. Persida, an kai bulo da masu aiki, za a gyara rufin kafin ruwan bazara, kada ki ce komai a kai.

Ga dattawan coci kuma, ga maganata a fili, a gaban duk mai karanta wannan. Ban ce a taɓa harafi ɗaya na sunansa ba. Ban ce a sa ni a samansa ba. A gefensa nake so, da haruffa masu girman nasa: Stanimir Maric, wanda ya hauro da harsasan, da miyar, da tagullar. In kun ce bangon na matattu ne, na yarda. Ku zana sunan yanzu, ku bar gurbin kwanan wata a buɗe, ba zan sa ku jira da yawa ba. Amma ina so in gan shi da idona, domin na ga abin da ke faruwa da suna in aka bar shi a bakin mutane.